Imamu Abu Hanifa, Attajirin Kufa da Almajiransa

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, ga labarin Nu'umanu ɗan Sabitu, wanda aka sani da Abu Hanifa, Allah ya ji ƙansa. An haife shi a Kufa ta ƙasar Iraƙi, shekara ta 80 bayan Hijira, watau 699. Ya tashi cikin kasuwa yana sayar da tufafi masu alharini. An ruwaito cewa Shehu Sha'abi ne ya ga alamar fahimta gare shi, ya yi masa nasiha ya lazimci malamai. Ya fara da ilmin kalami, daga baya zuciyarsa ta karkata ga fiƙihu, ya zauna gaban Hammadu ɗan Abi Sulaimanu shekara 18. Da Hammadu ya rasu cikin shekara ta 120, sai aka zaunar da shi bisa buzunsa.

A majalisinsa yakan jefa mas'ala tsakanin almajirai, kowa ya kawo hujjarsa, a yi ta muhawara har muryoyi su ɗaga, shi kuwa yana saurare. Sai magana ta nuna kana ya faɗi nasa, a rubuta. Ta haka ya san inda kowane ɗaya ya fi ƙarfi, ya bar shi ya bi nan.

Zufaru ya shahara da ƙiyasi. Dawudu Ɗa'i ya zaɓi zuhudu da ibada. Abu Yusufa ɗan talakawa ne, neman abinci ya kusa raba shi da karatu. Malamin ya riƙa ba shi kuɗi daga ribar kasuwancinsa, har ya zama alƙalin alƙalai zamanin Haruna Rashidu, ya wallafa Kitabul Haraji. Muhammadu Shaibani ya zo yana yaro, baiwarsa ta bayyana wajen rubutu, littattafansa suka tsare mazhabar. Shi ne kuma ya tafi Madina ya karanta Muwaɗɗa wurin Imamu Maliku, ya ruwaito ta.

Halifa Mansur ya nemi ya naɗa Abu Hanifa alƙali, ya ƙi, aka tsare shi. Ya rasu a Bagadaza shekara ta 150, watau 767.

To, ya ku malamai, almajiran da ke gabanku tawadarsu ɗaya, amma baiwarsu daban-daban. Wani hannunsa ya dace da rubutun Alƙur'ani da zayyana, wani lissafin gado, wani tsara waƙa. Ku ba su damar tambaya, domin yaron da aka hana magana ba a sanin abin da Allah ya ajiye masa. Ku kuma attajirai, ku tuna da Abu Yusufa, ku nemi yaro mai fahimta wanda rashi ke shirin fitar da shi daga makaranta, ku ɗauki nauyinsa.

Allah ya sa mu dace, amin.