Lucille Ball, Matar Da Ta Riƙa Ba Amurka Dariya Ranar Litinin Da Dare

Yau tafiyar tamu da nisa, sai kowace ta gyara ɗaurin zanenta. Ƙasar Amurka za mu leƙa, Amurkar wajen shekarar 1950, mu ji labarin wata mace da ake kira Lucille Ball, wadda mutanen ƙasarta suka fi sani da Lucy. A akwatin talabijin takan fito ne a matsayin wata uwargida mai wauta, kullum ta ɓarnatar da kuɗin cefane, kullum tana ƙulla dabarar da za ta ɓoye wa maigida. A waje kuwa ita da mijin nata ne suka mallaki kamfanin da ke yin wasan, daga baya ma kamfanin ya koma hannunta.

An haife ta ran 6 ga watan Agusta, 1911, a wani gari da ake kira Jamestown a jihar New York. Mahaifinta ma'aikacin kamfanin tarho ne, mai ja waya. Zazzaɓin taifot ya kashe shi a 1915, tana 'yar shekara uku, mahaifiyarta kuma tana da cikin ƙaninta. Rainon yaran ya koma kan kakanni. Kakanta na wajen uwa shi ne ya riƙa kai ta kallon wasannin barkwanci, daga nan sha'awar abin ta shige ta. Sai kuma a 1927 wani tsautsayi ya auku. Yara suna koyon harbin bindiga a bayan gida, kakan yana lura da su, harsashi ya sami ɗan maƙwabta ya nakasa shi. Aka je kotu, aka sayar da gidan da kayan cikinsa don biyan diyya, iyali suka watse.

Ku 'yan makaranta, ga abin da nake so ku ji. Tana wajen shekara 15 mahaifiyarta ta yi ƙoƙari ta sa ta makarantar koyon wasan kwaikwayo a birnin New York. Kunya ta hana ta sakewa a aji, ga kuma wata ɗaliba mai suna Bette Davis da ta yi wa kowa fintinkau. Malamai suka rubuta wa uwar takarda cewa kuɗinta kawai take zubarwa, yarinyar ba ta da baiwar. Ta koma gida, ta sake dawowa birnin, ta sami aikin sa tufafi tana nuna wa masu saye a wani babban kanti. A 1933 aka ɗauke ta zuwa Holiwud cikin ayarin 'yan mata masu fitowa a bayan taurari. Ta shekara goma sha tana fitowa a finafinai barkatai, mafi yawansu ƙanana, ba a rasa ta da aiki ba, ba a kuma lissafa ta cikin manya ba. A nan ne aka rina mata gashi ya koma ja, launin da ta riƙe har mutuwarta. Kuma kun san da me take gyara jan? Da lalle, wannan dai lallen namu.

A 1940 ta haɗu da wani makaɗi ɗan ƙasar Kyuba, Desi Arnaz, wajen yin wani fim. Ɗan manyan mutane ne, ubansa ya yi magajin garin Santiyago, amma juyin juya halin 1933 ya kore su zuwa Amurka ba ko sisi. Ta girme shi da shekara kusan shida. Suka yi aure ran 30 ga Nuwamba na wannan shekara. Auren kuwa tun farko bai zauna daidai ba. Shi kullum yana kan hanya da 'yan kiɗansa daga wannan gari zuwa wancan, yana dawowa da asuba, ita kuwa da asuba take fita aiki. Ga shan giya, ga labarin mata da ke iso mata. A 1944 har ta kai ƙara kotu a raba su, suka shirya kafin hukunci ya tabbata. Haihuwa ma ta ƙi, ciki ya yi ta zubewa. Wadda ta taɓa ɗanɗana wannan ta san ba sai an yi mata bayani ba.

A 1948 ta shiga wani wasan rediyo na gidan CBS, tana fitowa a matsayin matar wani ma'aikacin banki. Wasan ya karɓu, sai kamfanin ya nemi a mai da shi talabijin. Ta amsa, amma da sharaɗi guda: mijinta na gida shi zai zama mijinta a wasan. Manyan kamfanin suka ƙi, wai masu kallo ba za su yarda Ba'amurkiya ta auri baƙo mai gurguwar Turanci ba, alhali kuwa shekara goma ke nan da ta aure shi. Ita abin da ke ranta shi ne ta sama masa aikin da zai zaunar da shi gida. Sai suka haɗa wani ɗan wasa na mutum biyu, suka zaga garuruwa da shi a 1950, jama'a suka yi ta dariya. Dole kamfani ya sauko.

To, bari mu ɗan tsaya mu duba gidajen da wannan wasa zai shiga. Kuɗin Amurka dala ne, kwabonsu ɗari ke yin dala ɗaya. A 1950 iyali matsakaici na samun kamar dala 3,300 a shekara, wato dala 275 a wata. Mafi ƙarancin ladan da doka ta yarda a biya ma'aikaci kwabo 75 ne a awa guda. Burodi yana wajen kwabo 14, ƙwai dozin kwabo 60, galan na fetur kwabo 27, kan sarkin wasiƙa kwabo 3, kwalbar Coca-Cola kwabo 5. Kada araha ta ruɗe ku, sai a auna ta da abin da ke shigowa aljihu. Akwatin talabijin kuwa yakan kai dala 200 ko fiye, ƙaramin ma'aikaci sai ya yi aikin kusan mako bakwai bai taɓa ko kwabo ba kafin ya haɗa kuɗinsa. Saboda haka da yawa bashi suke ɗauka suna biya kaɗan-kaɗan. A 1950 gida 9 ne kacal cikin 100 ke da shi, sai maƙwabta su taru a falon mai akwati. Kafin 1960 ya kusa kai gida 90 cikin 100. Masu gidajen silima suka soma kuka, don mutane sun daina fita da dare. Har wani kamfani mai suna Swanson ya fito da dafaffen abinci a faranti, daskararre, kwabo 98, uwargida ta ɗumama kawai a ci a gaban akwati.

A wancan zamani daga New York ake watsa yawancin wasanni kai tsaye, da an gama shi ke nan, sai dai wani kwafi mai dishi-dishi. Lucy da Desi suka ƙi barin gidansu na Kalifoniya, ga ta da tsohon ciki. Suka ce a ɗauki wasan a kan fim mai kyau, da kyamara uku, a gaban 'yan kallo. Aka ce ya yi tsada. Sai suka yarda a rage musu dala 1,000 daga albashinsu kowane mako, kuɗin da ya fi abin da iyali matsakaici ke samu a wata uku, muddin finafinan za su zama mallakar kamfaninsu, Desilu. CBS ta amince da murna, don ba wanda ya zaci za a so a sake kallon wasan da aka riga aka gani. Ku riƙe wannan ciniki a ranku.

Ta haifi 'yarta ta fari, Lucie, a watan Yuli na 1951, saura 'yan makonni ta cika shekara 40. Ran 15 ga Oktoba aka fara nuna wasan, sunansa I Love Lucy, wato Ina Son Lucy, kowace Litinin da ƙarfe tara na dare. Labarin gida ne zalla: mata da miji a ɗakin haya, da masu gidan, Fred da Ethel, waɗanda suka zama aminansu. Akwai ranar da mazan suka yi gorin cewa neman kuɗi ya fi aikin gida wuya, aka yi musanya. Matan suka tafi masana'antar cakulan, injin ya riƙa turo alewa da sauri fiye da yadda za su iya naɗewa, suka shiga cusawa a baki da riga da hula. Mazan kuwa a gida suka zuba shinkafa fiye da kima, ta kumbura ta malalo daga tukunya ta cika madafa. Matan aure sun ga kansu a ciki. A lokacin banki na iya hana matar aure bashi in mijinta bai sa hannu ba, sai a 1974 doka ta hana haka. Amma fa ba dukan Amurka ce ta fito a akwatin ba. Da wuya ki ga baƙar fata a wasan, alhali a shekarun ne, a 1955, Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas a Montgomery.

A 1952 ta sake samun ciki, hankalin kamfani ya tashi. Ƙasar da ko mata da miji ba a cika nunawa a gado ɗaya a talabijin ba, sai gado biyu, yaya za a yi da mai ciki? Aka daidaita a kan za a sa cikin a labari, amma ba za a furta kalmar ba, sai a sakaya. Aka kuma kira malaman addini uku, na Katolika da na Furotesta da na Yahudawa, suna duba rubutun kafin a ɗauka. Ran 19 ga Janairu, 1953, da safe aka yi mata tiyata ta haifi ɗa namiji. Da daren ranar aka nuna Lucy ta wasa ta tafi asibiti, ita ma ta haifi namiji, ko da yake tun watanni kafin nan aka ɗauki fim ɗin. Mutum wajen miliyan 44 suka kalla. Kashegari aka rantsar da Shugaba Eisenhower, masu kallonsa miliyan 29. Hoton jaririn ne a bangon fitowar farko ta mujallar TV Guide, ana sayar da ita kwabo 15.

A watan Satumba na wannan shekara sai ga wata masifa. Zamani ne da ake farautar 'yan kwaminis a Amurka, zargi kaɗai ya isa ya raba mutum da aikinsa. Aka tono cewa a 1936 ta yi rajistar zaɓe da sunan jam'iyyar kwaminis. Ta yi wa masu bincike na majalisa bayani cewa don faranta ran kakan nan nata ta yi, mutumin da ke da ra'ayin 'yan ƙwadago. Aka wanke ta cikin 'yan kwanaki. Wasu da yawa da aka zarga ba su yi wannan sa'a ba.

Wasan ya yi fitowa 180 kafin a rufe shi a 1957. Finafinan nan da aka raina, CBS ta saye su da fiye da dala miliyan 4. Lucy da Desi suka sayi filin kamfanin RKO, inda dā take ƙaramar 'yar wasa. Dukiya ta samu, 'ya'ya sun samu, miji ya zauna gari ɗaya da ita kamar yadda ta so. Sai dai nauyin kamfani ya ƙara tura shi ga kwalba da caca, halin nan nasa na mata kuma bai canza ba. Suna sumbatar juna a gaban kyamara, a gida yara suna jin faɗa ta bayan ƙofa. Ni a ganina ta yi iyakar abin da mace za ta iya. A watan Maris na 1960, da gama ɗaukar wasansu na ƙarshe, ta shigar da ƙara, aure ya mutu yana gab da cika shekara 20.

Ta auri wani ɗan wasan barkwanci, Gary Morton, a 1961. A 1962 ta sayi rabon Desi, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya wasannin talabijin a Amurka. Ba ta son zaman ofis, ta fi son fage, amma ta riƙe. A ƙarƙashinta aka fara Star Trek a 1966, bayan mashawartanta sun ce zai cinye kuɗin kamfani. A 1967 ta sayar da Desilu a kan dala miliyan 17, ta ci gaba da wasanta.

Ita da Desi ba su yanke zumunci ba, don ga 'ya'ya da jikoki a tsakani. Ciwon dajin huhu ya kwantar da shi a 1986. 'Yarsu Lucie, wadda ta yi jinyarsa, ta ba da labari cewa uwar ta buga masa waya ran 30 ga Nuwamba, ranar da aka ɗaura musu aure, ya rasu bayan kwana biyu. Ita kuma ta rasu ran 26 ga Afrilu, 1989, a Los Anjalis, tana da shekara 77, bayan babbar jijiyar jini ta fashe mata. A 2002 'ya'yanta suka mai da tokar gawarta Jamestown, aka binne a maƙabartar danginta tare da ta mahaifiyarta.