William Coley

William Bradley Coley (12 ga Janairu, 1862 – 16 ga Afrilu, 1936) likitan tiyata ne ɗan ƙasar Amurka. Ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya fara gwada tayar da garkuwar jikin mutum don ta yaƙi ciwon daji.

Karatu

An haife shi a jihar Connecticut. Ya yi digirin farko a Jami'ar Yale, sannan ya kammala karatun likita a Harvard a 1888, ya kama aiki a birnin New York.

Bincikensa

A 1890 aka kawo masa wata budurwa mai shekara 17 da ke da ciwon daji a hannu. Ya yanke hannun, amma cutar ta riga ta bazu, ta rasu a farkon 1891. Wannan ya sa ya shiga binciken tsofaffin takardun asibiti. A ciki ya ga labarin wani majinyaci da ƙarin wuyansa ya ɓace bayan ya kamu da wata cutar fata mai zazzaɓi. Coley ya nemo mutumin, ya same shi da rai bayan shekara bakwai.

A 1891 ya fara yi wa majinyata allurar ƙwayoyin cutar da ransu. Ƙarin wasu ya ragu, wasu kuma cutar ta kashe su. Daga 1893 sai ya koma amfani da ƙwayoyin cuta iri biyu da aka kashe da zafi. Ya yi wa majinyata kusan 1,000 wannan magani.

Suka

Sakamakon bai zama iri ɗaya ba, kuma a lokacin ba a san dalilin aikin maganin ba. Likitoci irin su James Ewing sun fi amincewa da gasa ƙari da hasken radiyam, don haka aka yi watsi da hanyar Coley.

Bayan rasuwarsa

Daga baya aka gano cewa fararen ƙwayoyin jini suna iya gane ƙwayoyin ciwon daji su kashe su, amma ƙari yakan ɓoye kansa ko ya kashe musu kuzari. Allurar Coley tana zaburar da su ne. 'Yarsa, Helen Coley Nauts, ta tattara bayanan majinyatansa, ta kafa cibiyar Cancer Research Institute a 1953. A 2018 James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel saboda gano yadda ake cire wa garkuwar jiki takunkumin da ciwon daji ke fakewa da shi.