William Herschel, makaɗin da ya gano hasken da ido ba ya gani

An haifi William Herschel a birnin Hanover na Jamus ranar 15 ga Nuwamba 1738. Mahaifinsa mabushi ne a rundunar soja, shi ma da kiɗa ya fara neman abinci. Ya ƙaura Ingila a 1757, daga baya ya zauna a garin Bath, inda yake koyar da kiɗa da rana, da dare kuma yana goge madubai don ƙera na'urar hangen nesa. Ƙanwarsa Caroline ce mai rubuta abin da ya hango.

Ranar 13 ga Maris 1781 ya gano duniyar Uranus. Sarki George na Uku ya yanka masa albashin fam 200 a shekara, sai ya bar kiɗa.

A 1785 ya hango wani dishi-dishin haske a rukunin taurarin Corvus, wato Hankaka, wanda ake gani ta kudu a daren watan Afrilu daga Tamanrasset har Agadez. Yau an san manyan gungun taurari ne guda biyu, NGC 4038 da NGC 4039, da suka yi karo suna haɗewa.

A 1800 ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya auna zafin kowane launi. Da ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda babu launi, sai zafin ya ƙaru. Hasken infirared ke nan.

Wannan hasken ne mabuɗin abin da ya hango a 1785. Idan gungu biyu suka yi karo, iskar gas tana matsewa, sababbin taurari su kunnu, amma ƙura ta lulluɓe su kamar hazon hunturu. Ƙurar tana shanye haskensu ta fitar da shi a infirared. A 1983 tauraron ɗan Adam IRAS ya gano gungu masu tsananin wannan haske, bincike kuma ya nuna mafi haskensu galibi masu haɗewa ne.

Herschel ya rasu a Slough ranar 25 ga Agusta 1822. Na'urar infirared da hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2009, mai madubin mita 3.5, sunansa aka sa mata. Ta yi aiki har 2013.