Wilma Rudolph: Yarinyar da shan inna ya kama, ta kwashe zinare uku a Roma

An haifi Wilma Rudolph ranar 23 ga watan Yunin 1940 a kusa da garin Clarksville na jihar Tennessee, ƙasar Amurka. Bakwaini ce, nauyinta bai wuce kilo 2 ba, kuma ita ce ta 20 cikin ƴaƴa 22 na mahaifinta, mai ɗaukar kaya a tashar jirgin ƙasa. Mahaifiyarta Blanche aikatau take yi a gidajen Turawa.

Tana ƴar shekara 5 ko kusa da haka cutar shan inna ta kama ta, ƙafarta ta hagu ta shanye. Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a wajenmu, sai dai a lokacin ba a ma samo allurar rigakafinta ba, sai a 1955. Ga kuma wariyar launin fata: baƙar fata ba ya samun kulawar kirki a asibitin garinsu. Don haka duk mako uwar kan ɗauke ta a motar haya zuwa asibitin Meharry da ke Nashville, tafiyar kusan kilomita 80. A gida kuwa, yayyenta ne ke karɓa-karɓa suna matsa mata ƙafar kullum. An daɗe ana yaba wa Wilma, amma rabin wannan nasara ta Blanche ce da ƴaƴanta.

Sai da ta kai shekara 12 ta rabu da ƙarfen da takalmin da ke tallafe mata ƙafa. Daga nan ta faɗa ƙwallon kwando, inda Ed Temple, mai horar da ƴan tsere mata a jami'ar jihar Tennessee, ya ga saurinta ya jawo ta. Shekara huɗu kacal bayan ta ajiye ƙarfen, sai ga ta a wasannin Olamfik na Melbourne a 1956, ta dawo da lambar tagulla a tseren miƙa sanda.

A 1958 ta haifi ƴarta ta fari, wasu suka ɗauka shi ke nan. Ina! A Olamfik na Roma a 1960, duk da targaɗen da ta yi a idon sawu ana gab da fara gasa, ta cinye tseren mita 100 cikin daƙiƙa 11, ta ƙara da na mita 200. A tseren miƙa sanda ita ce ta ƙarshe. Sandar ta kusa kuɓuce mata, ƴar Jamus ta sha gabanta, amma ta kamo ta kafin layi. Ita ce Ba'amurkiya ta farko da ta ci zinare uku a guje-guje a Olamfik guda. Jaridun Italiya suka yi mata laƙabi da baƙar barewa.

Da hukumomin Clarksville suka shirya mata tarba, ta ce ba za ta je ba muddin za a raba baƙi da farare. Dole suka sauko. Bikin nata ne taron gari na farko da aka zauna a cakuɗe a tarihin Clarksville.

Ta bar tsere a 1962 tana da shekara 22. A zamanin babu kuɗi a guje-guje, sai ta koma koyarwa a makarantar firamare tana horar da yara. A 1963 ta zo Afirka ta Yamma, ta halarci wasannin sada zumunta na Dakar, ta kuma ziyarci Gana, Gine, Mali da Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau. Da komawarta gida ta shiga zanga-zangar neman a buɗe wa baƙaƙe gidajen cin abinci na garinsu.

Ciwon daji na ƙwaƙwalwa ne ya yi ajalinta ranar 12 ga Nuwamban 1994, tana da shekara 54. Ta bar ƴaƴa huɗu.