Taƙaitaccen Tarihin Hugo Schulz

An haifi Hugo Schulz a garin Wesel na ƙasar Jamus a shekarar 1853. Ya zama farfesan ilimin magunguna a Jami'ar Greifswald a 1883, kuma a garin ya rasu a 1932.

Abin da ya sa na kawo wa mai karatu tarihinsa shi ne gwajin da ya yi da yis. Ya riƙa zuba masa guba iri-iri. Mai yawa ta kashe shi, amma 'yar kaɗan sai ta ƙara masa kuzari, ya yi ta kumfa. Ya buga sakamakon a 1888. Sai dai ya jingina binciken da maganin homiyofati, likitoci kuwa suka juya masa baya. A ganina, nan ya cuci aikinsa.

Sai a 1943 aka raɗa wa abin suna homesis. Masu auna gurɓataccen ruwa da bakteriyar teku mai haske suna fama da shi har yau. Dusashewar hasken ke nuna guba, amma guba kaɗan, ko canjin gishirin ruwan, kan ƙara hasken, a ɗauka ruwan lafiya lau.