Muhammadu Kanta: Baran Askiya da ya zama mai gidan kansa

Duk wanda ya tsallaka gadar Malanville ya shiga Gaya, ya nufi Kamba, to ƙasar Dandi yake takawa. A ƙarni na 16 wannan yanki yana hannun daular Songai, kuma hakimin da ke riƙe da shi, wanda ake kira Dandi-fari, yana cikin manyan jagororin yaƙin Askiya. Rigima da wannan hakimi ce ta haifi daular Kabi.

Muhammadu Kanta bai fara da girma ba. Labaran baka sun ce daga wajen Katsina ya fito, ƙato ne da ya yi suna a dambe, har ya tara samari masu bin sa. Daga baya ya zama mai riƙe da Leka, wani ɗan gari a kwarin gulbin Kabi. Ƙasarsa ba yawa, don haka ya yi caffa ga Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulki a Gawo a 1493. Tsarin a fili yake: bara ya kawo mutanensa idan an buga tambarin yaƙi, ubangida kuma ya kare shi, ya ba shi rabonsa na ganima.

Kanta ya cika nasa ɓangaren. Ya bi rundunar Askiya zuwa yaƙin Agadas, aka ci nasara. A hanyar dawowa, wajen 1516, ya zuba ido a ba shi kasonsa, shiru. Littafin Tarihus Sudan na Abdurrahman as-Sa'adi, malamin Tumbuktu, ya nuna cewa ya tuntuɓi Dandi-fari, shi kuwa ya gargaɗe shi cewa neman rabo tamkar tawaye ne. Kanta ya haɗiye maganar. Amma shi ma fa yana da nasa barori, waɗanda suka bar gidajensu suka bi shi cikin hamada. Su ne suka matsa masa, domin shugaban da ya dawo hannu rabbana ba ya daɗewa da mabiya. Aka sake nema, aka sake hanawa. Daga nan igiya ta tsinke.

Songai ta kawo masa hari, ta kasa mayar da shi ƙarƙashinta. Askiya Muhammadu Bankan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya zo da kansa ya sha kashi. Kanta ya gina birninsa a Surame, ya kewaye shi da ganuwa ta dutse da ƙasa, wadda kufanta ke nan har yau a jihar Sakkwato.

Da ya zama ubangida, hannunsa bai yi sauƙi ba. Ana ba da labarin yadda ya tilasta wa Abzinawa ɗauko masa ruwa daga nesa a kan raƙuma. Ya kara da Barno, kuma a hanyar dawowa daga wannan yaƙi aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, raunin ya zama ajalinsa a tsakiyar ƙarni na 16. Sannu a hankali ƙasashen da suka bi Kabi don tsoro suka janye jiki, kamar yadda shi ya yi wa Songai.

Zuriyarsa, Lekawa, su ke sarautar Argungu har gobe, kuma gidan tarihin garin sunansa yake ɗauke da shi.