Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo: Malamin Da Ya Mayar Wa Sarki Zinariyarsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. 

Duk wanda ya zauna a ƙofar masallacin nan bayan La'asar ya san hirar ɗaya ce: kuɗin mota daga Kuta zuwa Minna, kuɗin ɗora ƙwaryar doya a Gwada, farashin mudun shinkafa, kuɗin makarantar yara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 magidanci bai sake yin lissafin cefane ya fito daidai ba. Ga kuma 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Shiroro, sun baro gonaki da rumbuna sun dawo cikin gari. Shi ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu waiwayi rayuwar mutumin da kowa ya san sunansa, amma ba kowa ya san yadda yake ci da sha da sutura ba, wato Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa.

An haifi Shehu a Maratta ta ƙasar Gobir a watan Disamban 1754, ya tashi a Degel. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa'u. Gidan malamai ne, a nan ya yi karatun Alƙur'ani wajen mahaifinsa, sannan ya bi malamai irin su Usmanu Binduri, da Muhammadu Sambo, da Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda ya bi har Agadas. Yana da kimanin shekara 20 ya fara wa'azi, ya shiga Kabi, ya shiga Zamfara inda ya yi kamar shekara biyar yana karantar da maza da mata cikin Hausa da Fulfulde. Ƙanensa Abdullahi na tare da shi a yawancin tafiye-tafiyen nan.

Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito abin da ya kamata kowane magidanci ya tsaya ya yi tunani a kai. Sun ce riga ɗaya gare shi, wando ɗaya, rawani ɗaya. Abincinsa kaɗan ne. Kuma da hannunsa yake tufka igiya, a sayar, ya ci daga ciki. Ku duba fa, wannan malami ne da almajirai ke zuwa wurinsa daga nesa, wanda da ya buɗe baki ya ce yana son abu, da an cika masa gida kafin rana ta faɗi. Igiya ita ce mafi ƙanƙantar haja a kasuwa, kowa ya san ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Amma ribar igiya ta ishi mutumin da bukatarsa ba ta wuce ta igiya ba.

Ranar Idi a Magami

Amfanin wannan ƙaramar bukata ya fito fili a wajen shekarar 1788, zamanin Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo. Bawa ba ƙaramin sarki ba ne, Gobir na tsakiyar ƙarfinta a lokacinsa. Ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya fito da kyauta ya rarraba. Kason Shehu, kamar yadda aka ruwaito, zinariya ce misƙali 500. Masu sayar da gwal a cikinmu sun san lissafin: misƙali ɗaya ya ɗan haura giram huɗu, ke nan zinariyar ta wuce kilo biyu. A yau ma wannan dukiya ce da za ta sayi motocin ɗaukar doya, balle a wancan zamani.

Shehu ya ƙi karɓa. A maimakonta ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana duk mai son amsa kiran, a girmama duk mai sanye da rawani, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, kuma kada a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. Bawa ya amince da duka biyar ɗin.

To, jama'a, a nan maganar take. Da Shehu na da bashin da ke binsa, da yana da gidan da ya saba da abin da samunsa ba ya iya ɗauka, da hannunsa ya miƙa kafin zuciyarsa ta yi shawara. Bahaushe ya ce bakin da ya ci shi ke godiya. Wanda ya karɓi zinariyar sarki da safe, da wane baki zai yi wa sarki maganar haraji da yamma? Rigar nan guda ɗaya ita ta ba shi ikon tsayawa gaban Jangwarzo. Fursunonin da aka saki da talakawan da aka sassauta wa, duk sun ci albarkacin magidancin da ya iya riƙe bukatarsa.

Abin da ya karantar

Shehu bai tsaya ga kansa ba. A littafinsa Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a ya bi al'amuran rayuwa babi-babi, har da aure da ciniki da abinci da tufafi, yana rarrabe abin da yake sunna da abin da mutane suka ƙirƙira suka ɗora wa kansu. A Kitabul Farƙi kuwa ya lissafa hanyoyin da masu mulki ke tatsar jama'a, irin su jangali, da gaisuwa, da tawasa wato naman da ake karɓa daga mahauta ranar kasuwa, ya haɗa da ƙawa da alfaharin da ake kashe dukiyar a kansu. Ya gane abu guda da mu 'yan kasuwa muka sani sarai: almubazzarancin na sama daga aljihun na ƙasa yake fita. Haka yake a fada, haka yake a gida. Maigidan da ya saba da abin da ya fi ƙarfinsa, ko dai ya tauye mudu, ko ya ci amanar uban ɗakinsa, ko ya danne haƙƙin yaran shago.

A Nurul Albabi ya yi faɗa da malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A gidansa ya aikata abin da ya faɗa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta zama malama mai rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai ilimi ga matan ƙauye. Kun ga inda gidan Shehu ya zuba jarinsa: a allo da tawada da takarda, a kan 'ya'ya maza da mata baki ɗaya.

Shekarun wuya

Bayan Bawa al'amura suka canza. Sarki Nafata ya hana wa'azi ga kowa in ban da Shehu, ya hana maza rawani, ya hana mata lulluɓi. Zamanin Yunfa abin ya kai ga Shehu da jama'arsa suka bar Degel suka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. 'Yan'uwanmu da suka baro ƙauyukansu da abin da kai zai iya ɗauka kaɗai sun fi mu sanin ma'anar wannan tafiya. Aka yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yunin shekarar, amma a Tsuntsuwa jama'a ta yi babban rashi, aka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Yunwa ta matsa, har sai da aka koma Zamfara neman abinci, daga baya aka sauka Gwandu a 1805. Shugaban da ya saba cin kaɗan tun ana da shi, shi ne zai iya ce wa mutane su yi haƙuri ranar da babu, su kuma saurare shi.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Daga nan jarrabawa ta juya, ta zama jarrabawar samu, wadda ta fi ta rashi wuya. Tun kafin haka ma Malam Abdullahi ya ga yadda wasu suka karkata ga ganima da dawaki da manyan riguna, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya koma. Shi kuwa Shehu, da ƙasa ta zo hannunsa, sai ya koma Sifawa ya ci gaba da karantarwa da rubutu. A 1812 ya damƙa tafiyar da mulki ga ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Ya koma Sakkwato a 1815, Allah Ya karɓi ransa ranar 20 ga Afrilun 1817, yana da shekara 62. Hubbarensa na nan a Sakkwato. Abin da ya bari wanda har yau ake cin moriyarsa shi ne littattafai da almajirai da 'ya'ya masu ilimi. An kuma ruwaito cewa Muhammadu Bello, ko da ya zama Sarkin Musulmi, daga abin da ya nema da kansa yake ciyar da kansa, yana kaffa-kaffa da baitulmali. Tarbiyyar gida ke nan.

Mu kuma fa?

Ba cewa muke kowa ya koma riga ɗaya ba. Ciniki halal ne, samu ni'ima ce, kuma Allah Yana son a ga alamar ni'imarSa a jikin bawa. Rowa kuma ba tattali ba ce. Maigidan da ya hana iyalinsa abinci da magani alhali yana da hali, kada ya fake da sunan Shehu, zalunci yake yi. Ku koma Suratul Furƙani aya ta 67 da Suratul Isra'i aya ta 29, za ku ga an yabi tsaka-tsaki, an hana ɓarna, an hana ƙanƙamo. Abin da muke koya daga Shehu shi ne mutum ya san bukatarsa ta gaskiya, ya raba ta da bukatar idon mutane.

Mu da muka baro Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato muka zo neman halal cikin 'yan'uwanmu Gbagyi, nauyinmu biyu ne: gidan nan da gidan can. Ga kuma cutar da ke kama baƙo, wato son a ce ya samu. Mutum zai ci bashi don ya je gida da Salla a sabuwar shadda yana rabon kuɗi, ya dawo jari ya karye, ya shekara yana ɓuya. Wanda ya yi hakan ya sayar da barcinsa na wata goma sha biyu don yabon kwana uku.

Ga wuraren da muke ganin kuɗin gida na zurarewa, kowa ya duba nasa.

Na farko, biki da suna. Anko kala uku, lefen da ake gasa da na maƙwabta, kayan ɗaki da garar da ke sa uban amarya sayar da fili. Sadaki da walima daidai ƙarfi su ne sunna, sauran mu muka ɗora wa kanmu. Iyayenmu mata, wannan a hannunku yake. In manyan mata biyar na unguwa suka haɗa baki suka ce an rage, wallahi an rage.

Na biyu, awo. Muna zaune a ƙasar noma, amma wasunmu sai damina ta yi tsakiya suke sayen hatsi mudu-mudu da tsada. Mai hali ya sayi buhun masara ko dawa da kaka, lokacin da kaya ke araha, ya adana da kyau. Marasa hali su haɗu uku ko huɗu su sayi buhu su raba. Doyar da ta ji rauni wajen lodi, maimakon a bar ta ta ruɓe, a fere a shanya a yi gari.

Na uku, ƙananan ɓaraka: katin waya da data, lemon kwalba, tuwon da ake zubarwa da safe alhali ɗumame abinci ne, gawayin da ake bari yana ci babu tukunya a kai. Da ɗaya-ɗaya ba a ganinsu, amma a rubuta na wata guda a takarda a gani. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma randa kan ƙare.

Na huɗu, a raba kuɗin shago da kuɗin cefane. Ɗan kasuwan da ke zura hannu cikin uwar kuɗi kullum, ranar da zai ankara sai ya tarar kanta ce kawai ta rage. A yanka wa gida kasonsa, a zauna da uwargida a yi lissafin tare, domin ita ta san inda mai da magi ke tafiya. Adashi kuma a yi shi don jari ko kuɗin makaranta, kada a kwashe a kai wa tela.

Abin da aka rage ta waɗannan hanyoyi yana da wurin zuwa: makarantar yara maza da mata, asibiti, biyan bashi, da kwanon abinci ga maƙwabcin da aka raba da gonarsa. Kowannenmu akwai ranar da za a miƙo masa tasa zinariyar, ko cin hanci, ko kayan da ya san na sata ne a farashi mai daɗi, ko kuɗin ɗan siyasa ranar zaɓe. Wanda gidansa ya saba da daidai ƙarfinsa, shi ne zai iya mayar da ita kamar yadda aka mayar a Magami.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u da sauran magabatanmu. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu da gonakinmu, Ya wadata zukatanmu, Ya raba mu da bashi, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, Ya zaunar da Kuta da Jihar Neja da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.